Koyar da Kiɗa da Rawa a Firamare: Dukiyar da Ƙasar Funtuwa Ta Bari a Ƙofar Makaranta

Gabatarwa

Duk wanda ya san kudancin Jihar Katsina ya san cewa ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta yi suna a kan abu biyu, wato noma da waƙa. Albarkar auduga na cikin abubuwan da suka jawo hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Funtuwa wajen ƙarshen shekarun 1920, kuma a nan aka kafa ɗaya daga cikin manyan ayyukan bunƙasa noma na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a Nijeriya, a tsakiyar shekarun 1970. Ta fuskar waƙa kuwa, Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya zauna a Bakori, daga baya ya mai da Funtuwa gida har zuwa rasuwarsa a 1999. Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, wadda ta fito da kiɗan ƙwarya daga cikin gidajen biki ta kai shi rediyo da talabijin, 'yar Gwaigwayi ce ta kusa da Funtuwa, a Funtuwar kuma ta rasu a 2013. A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dakta.

Abin mamaki shi ne, fasahar da jami'a ta ga ta cancanci digiri, makarantun firamare da yawa ba su ga ta cancanci minti talatin a mako ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata a koya wa yaran firamare na wannan yanki kiɗa da waƙa da rawa da gaske, a kuma gina darasin a kan abin da ƙasar ke da shi, wato murya da tafi da ƙwarya da karan dawa. Amma wajibi ne a kafa hujjar a kan abin da bincike ya tabbatar, domin hujjar da aka gina a kan ƙarin gishiri ba ta daɗewa.

Darasin Yana Nan a Takarda

Ba sabon darasi ake neman a ƙirƙiro ba. A manhajar ilimin tushe ta shekara tara, wadda hukumar tsara manhaja ta ƙasa, wato NERDC, ta shirya aka kuma fara aiki da ita a 2008, an haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a darasi guda na al'adu da fasahar ƙirƙira. Matsalar ita ce yadda ake koyar da shi. Sau da yawa malami kan rubuta ma'anar kiɗa a allo, ya jera sunayen kayan kiɗan Turawa waɗanda shi kansa bai taɓa riƙewa ba, yara su kwafa, a yi jarrabawa, a wuce. Yaro ya fita aji shida ya san sunan fiyano, bai taɓa tafa gaɓar kalma ɗaya a aji ba. Wannan kuwa daidai yake da koyar da noma ba tare da an taɓa fartanya ba.

Abin da Bincike Ya Ce da Wanda Bai Ce Ba

Masu goyon bayan darasin kiɗa sukan ce yana ƙara wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa. Tushen wannan magana wani gwaji ne da aka buga a 1993, inda masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka sa ɗaliban jami'a 36 suka saurari kiɗan Mozart na minti goma, sannan aka yi musu jarrabawar fahimtar siffofi. Makinsu ya ɗan ɗaga, amma cikin kwata na sa'a abin ya gushe. Duk da haka labari ya bazu, har a 1998 gwamnan Jihar Jojiya ya nemi a ware kuɗi a raba wa jarirai faifan kiɗa. Ga shi kuwa babu jariri ko ɗaya a cikin gwajin.

A 2004 Glenn Schellenberg na Jami'ar Toronto ta Kanada ya yi gwajin da ya fi wannan inganci. Ya raba yara 144 'yan shekara shida gida huɗu: masu koyon kiɗa, masu koyon waƙa, masu koyon wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a ba su kome ba. Bayan mako 36, makin auna basira na masu kiɗa da waƙa ya ƙaru da kimanin 7, na sauran kuwa da kimanin 4. Bambancin ƙarami ne. Sannan a 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara gwaje-gwaje 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka gano cewa duk gwajin da aka tsara shi da kyau, ribar kiɗa ga basira da lissafi takan ragu har ta kusa ɓacewa. Wasu masana sun sake lissafin suka ce akwai ɗan tasiri, amma su ma ba su ce mai yawa ba ne.

Saboda haka kada malami ya yi wa iyaye alkawarin cewa ganga za ta mai da ɗansu gwanin lissafi. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne, yaro yakan ƙaru a abin da ya yi kusa da abin da aka horar da shi a kai. Wanda aka horar da kunnensa, kunnensa ne ke kaifi. Wanda aka horar da ƙafarsa, ƙafarsa ce ke daidaita. To, wannan ribar ta kusa ita ce yaron Bahaushe ya fi bukata, kamar yadda za a gani.

Kunne Kafin Ido

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Kalmar kuka ta hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Fara kuwa tana iya zama ƙwaro, ko launi, ko soma aiki. Ke nan yaron da ke koyon karatun Hausa dole ya zo da kunnensa ya cike abin da takarda ta bari.

Haka kuma gaɓar Hausa iri biyu ce ta fuskar nauyi. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, akwai kuma mai nauyi, wadda ke da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko baƙi a ƙarshenta. Alal misali, a ɗauki amfanin gonar yankin. Masara tana da gaɓa uku: marar nauyi, marar nauyi, mai nauyi. Auduga ita ma uku ce, amma tsarinta mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. Dawa ta hatsi gaɓoɓinta biyu duk masu nauyi ne, dawa ta daji kuwa duk marasa nauyi. Idan malamin aji ɗaya ya sa yara su tafa waɗannan kalmomi, gajeren tafi ga marar nauyi, dogo ga mai nauyi, to ya koyar da kiɗa da karatu a lokaci guda. A kan wannan nauyin gaɓa ne aka gina karin rubutacciyar waƙar Hausa, kuma shi makaɗin kalangu ke bi, tare da karin sauti, idan yana kiran sunan mutum da gangarsa.

Akwai bincike da ke ƙarfafa wannan. A 2011 Franziska Degé da Gudrun Schwarzer a Jamus sun ba wasu yaran da ba su shiga firamare ba horon waƙa da kiɗa na minti goma kullum har mako 20. Iya rarrabe sautukan kalma ya ƙaru gare su kusan daidai da na yaran da aka ba horon sautuka kai tsaye, alhali waɗanda aka ba wasannin motsa jiki ba su sami irin wannan ƙaruwa ba. Yaran gwajin ba su da yawa, don haka ba a ɗauke shi hukuncin ƙarshe ba. Sai dai ya yi daidai da abin da Usha Goswami ta Jami'ar Kambirij ta Ingila ta daɗe tana nunawa, cewa yaran da karatu ke yi wa wuya sau da yawa sukan sha wahalar kama bugun kiɗa.

Ɗakin Gwajin da Ba Ya Cin Kuɗi

Hujja ta biyu ta shafi kimiyya kanta. Ƙalilan ne daga makarantun firamare na karkara ke da kayan gwaji, amma babu ƙauyen da ba shi da kayan nazarin sauti. Sauti karkarwa ce. Idan aka bugi fatar ganga, sai ta yi ta kai da komowa da sauri, ta tura iskar da ke kusa da ita, wannan iska ta tura ta gabanta, har motsin ya isa dodon kunne, jijiya ta kai saƙon ƙwaƙwalwa. Yawan kai da komowar a sakan ɗaya shi ke sa sauti ya zama siriri ko kakkaura. Kunnen yaro lafiyayye yana jin karkarwa daga kimanin 20 zuwa 20,000 a sakan, iyakar ta sama kuwa tana raguwa da shekaru. Malami na iya zuba ƙwayoyin gero a kan fatar ganga ya buga, yara su ga karkarwar da idonsu.

Kalangu, wanda Shata ya yi suna da shi, darasi ne sukutum. Icensa siriri ne a tsakiya, yana da fata a kowane baki, igiyoyin fata kuma sun haɗa bakunan biyu. Idan makaɗi ya matse igiyoyin a hammatarsa, fata ta ɗaure, karkarwarta ta ƙaru, sauti ya hau. Idan ya saki, sauti ya sauka. Da haka kalangu ke kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe. Ƙwaryar Barmani Coge ita ma haka. Babbar ƙwarya ta fi ƙarama kaurin amo, kuma wadda aka kife a kan ruwa amonta yakan sauya gwargwadon iskar da aka tsare a cikinta. Kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa gwangwani ne da fata da tsarkiya ɗaya, abin da 'yan aji biyar za su iya haɗa irinsa. Idan aka danne tsarkiya a daidai tsakiyarta, karkarwarta takan ninka biyu. Wannan ƙa'ida ana danganta gano ta ga Pythagoras na ƙasar Girka, shekaru kimanin 2,500 da suka wuce, kuma Bafaranshen nan Marin Mersenne ya bayyana dokokin tsarkiya dalla-dalla a 1636.

Bayan girbi karan dawa yakan cika gonakin Bakori da Ɗanja da Ƙafur. Da shi, ko da gora, ko guntun bututun roba, yara za su iya yin abin busa, su gano cewa dogo ya fi gajere kaurin murya. Kwalabe shida da ruwa sun isa wani gwajin: idan aka busa bakin kwalba, mai ruwa da yawa ta fi siririn sauti, idan kuma aka ƙwanƙwasa ta da cokali, sai abin ya juya. A bar yara su yi gardamar dalili kafin a faɗa musu cewa a busa iska ce ke karkarwa, a ƙwanƙwasa kuwa kwalbar ce da ruwan cikinta. Haka kuma duk yaron da ya taɓa hango mata suna lugude daga nesa ya ga taɓarya ta sauka kafin ya ji ƙararta. Dalili kuwa shi ne sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne kawai a sakan, haske kuwa nan take yake isowa. Mai ganga ya tsaya a nisan mita 170, yara za su ji bugun bayan rabin sakan.

Har lissafi yana da rabonsa. A raba aji biyu, malami yana ƙirga. Rukunin farko su tafa a kowace lamba ta biyu, na biyu su tafa a kowace ta uku. Tafin zai haɗu a 6 da 12 da 18. Yaron da ya ji wannan haɗuwa da kunnensa ba zai sha wuya ba ranar da aka kawo masa ita a allo.

Rawa da Lafiyar Jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga a kowace rana. Ɗan ƙauye mai zuwa gona da ɗiban ruwa ba ya rasa motsi, amma aikin ƙarfi daban, horar da gaɓoɓi su bi umurnin kunne daban. Rawa tana haɗa ji da gani da daidaiton jiki, wanda wasu ƙananan bututu uku masu ruwa da ke can cikin kunne ke taimakawa wajen kula da shi. Gaɗar 'yan mata, inda ɗaya ke faɗowa da baya sauran su tare ta su cilla, tana koyar da lokaci da amana. Langa tana koyar da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Rawar takkai ta samari, wadda ake haɗa sanduna a kan bugu, ba ta yiwuwa sai kowa ya kula da na kusa da shi. Kafin a fara da bayan an gama, a sa yara su ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsu na minti ɗaya su rubuta. Nan ma an shiga darasin zuciya da jini.

Manoman wannan yanki sun riga masana sanin cewa bugu ɗaya yana haɗa mutane. Shi ya sa ake kiran makaɗan noma wurin gayya, shi ya sa mata ke waƙar daɓe. A 2010 Sebastian Kirschner da Michael Tomasello a birnin Leipzig na Jamus sun gwada yara 96 'yan shekara huɗu, biyu-biyu. Waɗanda suka yi wasa tare da waƙa da rawa sun fi taimakon juna bayan wasan, a kan waɗanda suka yi wasan iri ɗaya ba tare da waƙa ba. Ajin da ya cika maƙil da yara yana bukatar irin wannan haɗin kai fiye da kowa.

Me Ya Sa Sai Makaranta?

Mai karatu na iya cewa, ai Shata da Barmani ba a aji suka koya ba. Gaskiya ne. Makarantarsu ita ce dandali da gidan biki da kasuwa da gona. To amma wannan makaranta tana rufewa. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kori daɓe, ƙodago da maganin feshi sun rage gayya, talabijin da wayar hannu sun janye yara daga wasan farin wata. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara kuwa, rashin tsaron da ya addabi yankin a shekarun baya-bayan nan ya sa iyaye da yawa ba sa barin yaro ya fita bayan magariba. Waƙar yara ba a littafi take zaune ba, daga bakin 'yar shekara goma take zuwa bakin 'yar shekara shida. Idan zuriya ɗaya ta tsallake ta, ta tafi ke nan. Filin makaranta da rana tsaka shi ne dandalin da ya rage wa yara da yawa.

Uzurin Iyaye

Ba daidai ba ne a yi watsi da damuwar iyaye. Ta farko ita ce, a al'adar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Shata kansa, wanda bai gaji kiɗa ba, ya sha fama da rashin amincewar mahaifinsa. Amsa ita ce, makaranta ba makaɗa take yayewa ba, kamar yadda koyon auna tsawo ba ya mai da yaro tela. Wanda Allah ya ba baiwa zai bi ta, sauran kuwa su tafi da kaifin kunne.

Damuwa ta biyu ta addini da tarbiyya ce. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma ba aikin makarantar firamare ba ne ta yanke hukunci a kai. Aikinta shi ne ta fara daga inda babu gardama, wato murya da tafi da taku. Rera karatu domin a kiyaye shi tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta ilmantar da matan karkara ta hannun 'yan taru, kuma har yau makarantun Islamiyya da waƙa suke cusa wa yara darussa da yawa. A tarihin ilimi kuma, Alfarabi ya rubuta babban littafi a kan ilimin kiɗa a ƙarni na 10, Ibn Sina kuwa ya lissafa shi cikin rassan ilimin lissafi. Game da rawa, a raba maza da mata kamar yadda dandali ya raba su tun asali, a kuma gabatar wa ƙungiyar iyaye da malamai jerin waƙoƙin da za a koyar tun farkon zango. Uban da ya ga abin da za a rera da idonsa ya fi saurin yarda a kan wanda ya ji labari a bakin ƙofa.

Abin Yi

Da fari, shugabannin makarantu su tabbatar cewa lokacin da manhaja ta ba wannan darasi ana yin sa a aikace, rabi a fili, rabi a aji, tare da ɗan tafi da waƙa na minti goma kafin darasin karatu a ƙananan azuzuwa. Na biyu, kwalejojin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, su tabbatar duk malamin firamare da suka yaye ya iya jagorantar tafi da waƙa, ya kuma iya bayyana yadda ganga ke fitar da sauti. Abin karantawa bai yi ƙaranci ba: David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da bayaninsu tun 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa da Hausa a kan makaɗa da mawaƙa. Na uku, a riƙa gayyato makaɗin noma ko mai kiɗan ƙwarya na gari sau ɗaya a zango, a karɓe shi a matsayin malami, ya nuna yadda ake haɗa kayan da yadda ake gyara amonsu.

Na huɗu ya rataya a wuyan ɗaliban sakandare. Kowace ƙungiyar Hausa ko ta kimiyya a makarantun Funtuwa da Malumfashi tana iya ɗaukar unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya, ta zauna da tsofaffi, ta rubuta waƙoƙin gaɗa da na tashe da na reno, ta ɗauki muryoyin da waya bayan an nemi izini, ta rubuta sunan gari da shekara, sannan ta miƙa kwafi ga firamaren da ke kusa. Wannan bincike ne na gaske, domin ya ƙunshi tattara bayani da tantance shi da adana shi.

Kammalawa

Darasin kiɗa da rawa ba zai gina ajin da ya rushe ba, ba kuma zai biya malami albashi ba. Amma a cikin gyare-gyaren da firamare ke bukata, da wuya a sami wanda ya kai shi araha. Manomin Funtuwa ya san cewa irin da ba a shuka ba shekara biyu ko uku yakan mutu a rumbu. Waƙoƙin yara ma iri ne, kuma tsofaffin da ke riƙe da su suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Shugaban makarantar da ya amince da wannan ra'ayi ba ya bukatar jiran takarda daga Katsina, domin manhaja ta riga ta ba shi izini. Abin da ya rage shi ne ya fito da yara fili a zangon nan.